Sawu a kan toka

Garkar tawa ba wata babba ba ce, kada a ɗauka irin ta mutanen Mirya ce ko Gidimuni. Taku goma sha biyu ne tsawonta, faɗinta takwas, a bayan ɗakin Inna, daidai inda filinmu ya ƙare duwatsu suka soma. Wanda ya san Damagaram ya san duwatsun da nake nufi: manya, masu sulɓi, wani a kan wani kamar da hannu aka ɗora su, irin waɗanda ke cikin Birni. Gidanmu a bakin gari yake ta hanyar Mirya. Lokacin da na sayi filin, abokan aikina a lekol dariya suke min, wai na koma daji. Yanzu gari ya cim mana har ya zarce, amma tarin duwatsun yana nan yadda yake, don ba mai iya haƙa tushen gini a kansa. Duk wani mai rai da bulo da siminti suka kora daga unguwar, can ya tattara ya tare. Ni ban san da zamansu ba sai da na shuka salati.

Sai mutum ya san tsadar ruwa a garin nan kafin ya gane abin da zai sa babba mai hankalinsa ya yi faɗa a kan ganye. Zinder bisa dutse take zaune. Ruwan da muke sha daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Macaya da Arunguza, daga baya aka ƙara da Ganaram. Ko a darasin tarihin da nake ba yara akwai wannan magana: ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa Nasara suka ɗauke babban birnin ƙasa daga nan suka mayar Yamai a 1926. Pampon gidanmu wajen ƙarfe uku na dare yake tunawa da mu, in ya ga dama ke nan. In bai zo ba sai 'yan garuwa, kuma da bazara na sha sayen bido guda dala ashirin. To, ruwan alwala, ruwan ɗauraya, ruwan wankin shinkafa, ba wanda ake zubarwa a gidanmu, duk garka suke tafiya. Kowane ƙullin salati da ka gani a can, barcina ne na ƙarfe uku.

Shekarar farko, sanyin Nuwamba na shigowa, na ja fangali shida: salati biyu, shu (wato kabeji) ɗaya, karoti ɗaya, tumatir ɗaya, tonka ɗaya. Jikin katanga na dasa zogala bakwai da gwaba guda. Gefe uku katanga ce, gefen da ke kallon duwatsu kuwa darni na yi na karan gero, don kuɗin bulo sun ƙare. Mako uku da dashe salatin ya buɗe, ya yi kore shar, har uwargida ta fara lissafin ranar da za ta daina saye a kasuwa. Wata Talata na dawo daga masallacin asuba na leƙa, sai na tarar da rabin fangali guda fayau, kututture kawai a jere.

Ban yi wani dogon tunani ba. Maƙwabcina na da jar akuya, irin ta Maradi, mai ido kamar na ɗan sane, kuma na sha ganinta tana shinshinar darnina. Ga shi lokacin an gama kaka, dabbobi sun fara yawo, tun ma kafin hukuma ta ba da sanarwar sakin gonaki. Wannan kuwa ita ce damuwar duk mai noman rani: daidai lokacin da kake dasa naka, lokacin ne ake kwance na kowa. Ko karyawa ban yi ba na je ƙofar gidansa na yi sallama da murya mai kauri.

Ya fito da carbi a hannu, ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Malam, akuyar nan a turke ta kwana. Zo ka gani." Na ce ai turke ba ya ba da shaida. Na faɗi wasu maganganu da ba sai na maimaita su nan ba, har na ambaci mai unguwa. Bai ce min komai ba sai, "Allah ya huci zuciyarka." Wannan ya fi ƙona min rai fiye da in ya rama.

Ranar Alhamis kawuna ya shigo daga Mirya, ya kawo kaya kasuwar Dole. Shi tun kafin a haife ni yake garka, tafin hannunsa kamar bayan kunkuru. Da ya tashi daga kasuwa ya biyo ya gaida Inna, ƙanwarsa ce, ni kuma na ja shi baya na kai ƙara. Bai dubi fangalin gaba ɗaya ba. Tsugunawa ya yi, ya tsinko kututture guda, ya kawo shi dab da idonsa yana juyawa kamar mai duba zinariya.

Ya ce, "Kai, ka taɓa buɗe bakin akuya?"

Na ce, "A'a, Kawu."

"Malamin lekol ke nan. To ba ta da haƙoran gaba a sama, dasashi ne kawai. Ita da tunkiya da saniya da barewa duk haka suke. Kamawa take ta fizga, sai ka ga bakin ganyen a yage, da zare-zare, wani lokaci ma ta tumɓuke shukar da saiwarta. Dubi wannan." Ya miƙo min. An yanke shi a karkace, sumul, kamar da reza. "Wannan mai haƙori sama da ƙasa ne. Zomo ne. Ka je ka ba mutum haƙuri."

Ni dai ban yarda nan take ba, girman kai bai bari ba. Sai ya ƙwala wa uwargida kira, ya ce, "'Yata, kawo min tokar murhu da tsohuwar rariya." Bayan magariba, an gama ban ruwa, ya bi gefen kowane fangali da gindin darni yana tankaɗe toka, siririya, kamar mai barbaɗa gari a kan fura. Ya hana kowa shiga. Ya kwana, abin da bai saba ba.

Abin da na gani da safe har yau yana idona. Tokar nan ta zama allo, an cika ta da rubutu. Kawu ya riƙe tsinke yana nuna min kamar mai biya wa almajiri. Ga dogayen sawu biyu a gaba, ƙanana biyu a baya: zomo ne, don in yana tsalle ƙafafun bayansa gaban na gaba suke sauka. Ga wani kamar tafin jariri mai yatsu, da layi ɗaya a tsakiya inda wutsiya ta ja ƙasa: gafiya. Ga wasu ƙanana kusa da kusa, kamar mai tafiya da zane ya ɗaure masa ƙafa, sun kewaya fangali sun koma: bushiya. Ga na gyare, ga na ɓera, ga wani siriri da ya ce jaɓa ce, na kuwa ji ɗan warinta a gindin tulu. Kofato ko ɗaya babu. Kuma duka, ba wanda ya fito daga wajen maƙwabci. Daga duwatsu suka zo, ta ƙarƙashin darni, ta wasu kafofi uku da ni mai darnin ban taɓa lura da su ba.

Da la'asar na sayi goro na je. Maƙwabcina ya karɓa, ya ɓare ɗaya ya ba ni rabi, ya ce, "Ai ba laifinka ba ne, Malam, akuyar ce ta yi kama da ɓarauniya." Yanzu shi ke ba ni takin garkar, daga turken akuyar da na so kaiwa gaban mai unguwa.

Kafin Kawu ya hau mota ya faɗi wata magana da ban ɗauke ta da nauyi ba a lokacin. Ya ce bushiya da rani barci take, takan shige ƙarƙashin dutse ko tarin ciyawa ta lafe sai an ji ƙanshin ruwan sama. Ganinta a farke cikin ɗari yana nufin danshin garkata ne ya tashe ta. "Daga nan har kwalta," in ji shi, "ina ka ga ƙasa mai laima ban da nan? Ka buɗe rijiya a tsakiyar masu ƙishi, kana mamakin sawu. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari."

Na san masu zuwa da dare ke nan. Masu zuwa da rana ba su buƙatar toka, don a gabanka suke yi. Kurege shi ne shugabansu. Yakan fito bisa dutse wajen hantsi, ya miƙe tsaye a kan ƙafafun baya, ya ɗaga wutsiya, ya dube ni kamar ni ne baƙo. Duk tatsuniyar da aka yi mana ta wayonsa muna yara, ban ga ƙari a ciki ba. Na gwada shuka gyaɗa layi biyu a ƙarshen garka. Rami bayan rami ya bi ya tone, bai tsallake ko ɗaya ba, kamar yana nan lokacin da nake binnewa. Tumatir kuwa sai ya nuna ja, gobe za a tsinka, sai ka tarar an huda gefe an tsotse an bar maka ɓawo a rataye. Ƙadangaru su kuma yabanya suke so. Irin shu ya tsiro ganye biyu, jan gwada ya sauko daga katanga yana gyaɗa kai, kafin ka ɗauko takalmi layi guda ya tafi. Da damina ba ruwansu da ganye, ƙwari sun ishe su. Rani ke mayar da su masu cin miya. Gwara da kurciya na tsince iri, jemage na jiran gwaba. Waɗannan ban cika jin zafinsu ba.

Gafiya ce ta kai ni ga aikata abin da nake kunyar faɗa. Karoti ya fara kauri, sai ya riƙa ɓacewa ta ƙasa: ganye na tsaye, ka ja, ba komai a gindi. Wata rana na biya kasuwa na sayi maganin ɓera, baƙin garin nan mai warin tafarnuwa da ake ƙullawa a leda, ba suna ba takarda. Mai sayarwa ya ce in kwaɓa da ƙuli-ƙuli da ɗan busasshen kifi. Na kwaɓa, na ajiye a fasasshen kasko a bakin kafar darni. Ban gaya wa kowa ba.

Da safe gafiya ba ta ko kusanci wurin ba. Ita hancinta ya fi na kowa. Bushiya ce kwance a gefen kaskon, ba ta ma dunƙule ba, cikinta fari a waje, 'yan ƙafafunta a miƙe. Na juya ta da tsinke. Ban taɓa ganin fuskarta sosai ba sai ran nan: ɗan dogon hanci, farin gashi a goshi kamar tsohuwa ta yi lulluɓi. Ina nan tsaye sai na ji salatin Inna daga tsakar gida. Kazarta wake-wake, mai 'ya'ya tara, ta bi ta ƙarƙashin ƙyaure tun da duku-duku ta tsattsage ragowar. Kafin azahar ta mutu, da 'yan tsaki huɗu. Autana lokacin yana rarrafe. Inna ba ta yi faɗa ba, ta dai dube shi, ta dube ni, ta ce, "Da shi ne fa?" Na haƙa rami mai zurfi na binne kaskon da ledar da duk abin da ya mutu.

Hukuncin bai tsaya nan ba. Mako biyu da rasa bushiya, gyare ya yi yawa har yana datse dashen tonka daga gindi, kuma uwargida ta kashe kunama biyu a bakin randa cikin kwana uku. Da na ba Kawu labari ta waya, shiru ya yi, sannan ya ce, "Ka kashe mai gadi ka bar ɓarawo." Ashe ita ba ta taɓa cin ganyena ba. Ƙwari take bi, da tsutsa, da gyare, har kunama. Haka ma jaɓar da ake kora saboda wari.

Daga nan na bar yaƙi na koma gini. Da albashi ya zo na tuge darnin, na sayi griyaji mai ƙananan ido, wanda ake yi wa kaji, da ƙarafan tsayawa. Da kuɗin mai walda abin ya ci min kusan jika arba'in, uwargida tana cewa da salatin muka saya da kuɗin da mun ci har mu gaji. Dabarar da Kawu ya ba ni ita ce ta ƙasa, ba ta sama ba: a haƙa kwari kamar kamu ɗaya, a binne gindin wayar, a lanƙwasa bakinta waje. Mai tono in ya zo jikin shinge nan yake fara haƙa, sai ya ci karo da waya a ƙarƙashin ƙafarsa, kuma ba ya tunanin ja da baya ya fara daga nesa. Zomo tun daga ranar ban sake ganin sawunsa a ciki ba. Yabanya kuma na lulluɓe ta da tsohon gidan sauro a kan sanduna lanƙwasassu, sai ta yi ganye biyar ko shida nake buɗewa. A wannan girman ƙadangare ya daina sha'awarta. Ƙwari su ne nake wa ruwan bedi, wato dogon yaro: 'ya'yan a daka kamar rabin kilo, a jiƙa a ruwa lita goma su kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a yayyafa da yamma. Wani ya ce min in zuba tonka a ciki kurege zai gudu. Na zuba. Ina jin miya na yi masa.

Kurege ba shingen da ke tare shi, yana hawa waya kamar tsani. A kansa ne maganar Kawu ta dawo min. Na sake duba tumatirin da yake ɓatawa: ba ya cin tsokar, ruwan yake sha. Sai na ɗauki wani tsohon kaskon tuya na kai can gindin duwatsu, nesa da shinge kamar taku ashirin, na binne shi rabi a inuwa, na sa dutse a tsakiya don ƙananan abubuwa su samu matakala, na cika shi da ruwan ɗauraya. Uwargida ta riƙe haɓa. Ta ce, "Malam, mu muna saye, kai kana sadaka wa kurege?" Ba zan ce ɓarna ta ƙare ba, ƙarya ne. Amma tumatirin da nake rasawa goma ya koma biyu ko uku, ƙadangaru ma suka rage sauka. Lita biyu a rana ya fi min arha a kan fangali guda. Sai dai kasko na da nasa sharaɗi: duk bayan kwana biyu sai an zubar an wanke, in ba haka ba ka buɗe wa sauro gidan haihuwa. Kuma ba ka zaɓen baƙi. Zuma na zuwa, rina na zuwa, kyanwar unguwa ta gano cewa kurciya na sauka nan, sau ɗaya kuma na ga jan cikin maciji a rairayin wurin. Tun ranar na hana yara zuwa can in rana ta faɗi, ni ma ba na zuwa ba takalmi da fitila.

Gafiya dai sai da tarko. Wani yaro a unguwa ya aro min na waya mai ƙofa, muka sa gyaɗa soyayya. Dare uku tana cin ta bakin ƙofa tana barin ta ciki. Ba banza ake mata kirari da "tsira da na bakinki" ba. Dare na huɗu kwaɗayi ya ci ta. Ƙatuwa ce, ta fi kilo, wutsiyarta rabi baƙi rabi fari, kumatu cike tam kamar mai goro biyu. Yaran suka bi raminta suka tone a gindin dutse. Abin da ke ciki ya isa a buɗe tebur: karotina, gyaɗa, ƙwallon dabino, ƙwallon magarya, murfin biro, da ƙaramin cokalin shayin da Inna ta yi wata biyu tana zargin almajirin gidan da shi. Wato ba ni kaɗai ke ɗora wa mai gaskiya laifi ba a gidan nan, gado ne. Wani abin dariya, irin wannan gafiyar ce ake horarwa a Morogoro ta ƙasar Tanzaniya tana shinshino nakiyoyin da aka binne lokacin yaƙi, ta yi aiki a Mozambik da Kambodiya, har tarin fuka take ganowa a majinar marasa lafiya. Tawa ba ta samu wannan matsayi ba. Yaran suka tafi da ita, ban tambaye su ina ba, na dai ga hayaƙi a bayan duwatsu.

Shekara ta uku ce, cikin Afrilu, zafi ya kai inda kare ba ya haushi da rana. Salati ya ƙare, saura zogala da yakuwa da 'yar kuɓewa da nake lallaɓawa. Na fito da buta bayan asuba, gari bai gama wayewa ba, sai na ga abu tsaye a tsakiyar garka. Zuciyata ta ce akuya, har na sunkuya neman dutse. Sai ta ɗago kai.

Barewa ce. Tsayinta bai wuce cinyata ba, ƙafafu kamar sillen kara, jiki launin rairayi, ciki fari fat, da wani layi mai duhu da ya raba su a haƙarƙari. Ƙahonni 'yan sirara masu zobe-zobe. Farin zane ya sauko daga idonta zuwa hanci, kunnuwa dogaye suna juyawa kowanne da nasa aiki. Ganyen zogala na rataye a bakinta, tana tauna shi a gefe, tana kallona da idon nan da mawaƙa suka gaji da yabo. 'Yar baƙar wutsiyarta ba ta tsaya ba ko sau ɗaya. A wuyanta akwai jan zare da ɗan ƙararrawa da ya daina kaɗawa. Ta gidan wani ce. A garin nan akwai masu hali da ke ajiye barewa a tsakar gida don ado, kamar yadda wasu ke ajiye ɗawisu. Ta bisa dutse ta diro, inda wayar ta fi gajarta.

Na koma a hankali na taso Inna. Ta fito tana ɗaura ɗankwali, tana tambaya ko lafiya. Da ta gan ta sai ta dafa katanga. Inna a Damargu ta tashi, a wani ƙauye a arewacin Tanut, kuma tun muna yara take ba mu labarin yadda barewa ke shiga gonar wake da sassafe garke guda, ana tura su su yara su kora da gwangwani. Mu muna ɗauka irin labarin tsofaffi ne, da komai na da ya fi yawa. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce, "Rabona da ita tun kafin in haife ka."

Na ce, "Inna, zogalar fa take ci."

Ta ce, "Bar ta ta ci."

Na ɗebo ruwa a kwano na tura mata ta ƙofa. Ko kallonsa ba ta yi ba. Inna ta yi 'yar dariya ta ce barewa ba ta san kwano ba, a ganye take shan ruwanta, da raɓar asuba. Tana iya wata da watanni ba ta kai baki tafki ba. Wato ita ma abin da ya kawo kurege shi ya kawo ta, sai dai ita ta fi shi sanin inda aka ɓoye shi. Muka zauna a dokin ƙofa, ni da Inna, muna kallo tana bin zogala bakwai ɗaya bayan ɗaya, iya inda wuyanta ya kai, sannan ta ɗaga ƙafafun gaba ta jingina da kara ta ƙara kamu guda. Ta gama ta koma kan yakuwa. Wata uku na ban ruwa, a gabana, ban ɗaga hannu ba.

Ina kallonta ina tunanin inda 'yan uwanta suke. Yau mai son ganin barewa a sake sai ya nausa arewa maso gabas, ya wuce Gure ya wuce Taskar, zuwa duwatsun Tarmit, inda gwamnati ta keɓe gandun Tarmit da Tin Tumma a 2012, fili da a lokacin faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 97,000. Dokar farauta da kare namun daji tana nan tun 1998. Amma fari ya yi nasa, gonaki sun cinye daji, masu farauta da mota da bindiga suka ƙarasa sauran; abin da mai kare da sanda ba zai kama a shekara ba, mai mota na gajiyar da shi a yini ɗaya. Irin wadda ke gabana kuwa, yawanci tana 'yar jaririya ake ɗauko ta, kuma ba a cika ɗaukar 'ya uwa na tsaye ba. Na yi niyyar in kira 'yan gandun daji. Na kuma tuna wannan da aka shayar da madarar gwangwani, ko an kai ta Tarmit ba za ta kwana uku ba dila ya gama da ita. Ban kira ba. Har yau ina juya abin a raina.

Wajen ƙarfe takwas wani saurayi ya yi sallama, gumi sharkaf, da igiya a hannu, yana tambaya ko mun ga dabbar Alhaji. Ya shiga ya kira ta da ɗan fito, ta zo da kanta ta sa hanci a tafinsa. Ya dubi zogalar da ta zama tsinke, ya sosa ƙeya, ya ce, "Baba, a faɗi abin da za a biya, Alhaji zai aiko." Kafin in buɗe baki Inna ta ce, "Ɗana, ka ce masa ba komai. Ka ce masa dai ya riƙa ba ta ɗanyen ganye, dusa kaɗai ba ta riƙe ta." Ya ɗauke ta a kafaɗa kamar ɗan akuya, ƙafafun nan suna reto.

Inda ta tsaya a bakin fangalin yakuwa ƙasa na da laima, sawunta ya fito sarai: kofato biyu sirara masu tsini, sun haɗu kamar ganyen kalgo, bai kai rabin na akuya ba. Inna ta ɗauko ƙwaryar awo ta kife a kai, ta ce kada a taɓa sai yayanta ya zo ranar Alhamis. Kawu ya zo, ya tsuguna, ta ɗaga ƙwaryar. Ya daɗe yana kallo, ya sa ɗan yatsa ya zagaya bakinsa bai taɓa ba. Sannan ya tsinko reshen zogala ya miƙo min: bakin a yage, da zare-zare. Ya ce, "Ka gani? Ba haƙoran sama."

Zogala ba ta da zuciya, kafin saukar shamuwa ta sake tohowa, har ta fi da. Na sayo waya na ƙara rabin mita a gefen duwatsu. Ina bisa tsani ina ɗaurewa, Inna na zaune a inuwa tana tsinkar yakuwar da ta rage, ta ɗago ta ce, "Wannan tsawon duk na mene ne? Ka bar wajen dutsen nan yadda yake mana."